Muryar Uwar Maƙera

Ramin bai wuce zurfin kamu ɗaya ba, amma Audi maƙeri ya durƙusa a gabansa kamar mai ziyarar kabari. Ya zura hannu ya lalubi ƙasar, ya sake lalubawa. Babu komai sai danshi da tururuwa.

A nan ya binne uwar maƙerarsa ranar da yaƙi ya matso ƙauyensu, kudu kaɗan da garin Mai Wurno na bakin Nilu, mutane suka watse da abin da kai zai iya ɗauka. Ita kuwa ta fi ƙarfin kan tsoho ɗan shekara saba'in da huɗu. Dunƙulen baƙin ƙarfe ce mai faɗin kai da tsinin gindi, wadda ake kafawa a ƙasa a daki ƙarfe a kanta. Kakansa ne ya ɗoro ta a kan jaki tun daga ƙasar Sakkwato zamanin hijirar gudun Turawa, kuma an ce jakuna uku suka mutu a hanya kafin ta ga ruwan Nilu. Duk fartanyar da ta yi noma a wannan gari, a kanta aka ƙera ta. To, Audi da taurin kansa, ko 'yar cikinsa bai gaya wa inda ya binne ta ba.

"Baba, wallahi ban sani ba," in ji Fadimatu, 'yar tasa, tana tsaye a bakin rumfa. Ta riga shi dawowa gida da wata guda. "Masu kwashe ƙarafan yaƙi ne suka zo da mota. Abin awonsu ya yi ta kuka a nan wurin. Bayan bam ɗin da ya tashi da yarinyar maƙwabcinmu Saifuddeen a gona, wa zai bar ƙarfe binne a gida? Na ce su tone, na janye yara muka yi nisa."

"Ba laifinki ba ne, ɗiyata. Nawa ne." Ya miƙe da ƙyar. "Mi aka rubuta a jikin motar?"

"Kamfanin Ƙarafa na Jibirin. Sannar."

Washegari da hantsi ya shiga hafila, ƙaramar motar haya mai zuwa Sannar, da ƙaramar gudumarsa a aljihu. Idanunsa sun yi yana, abu sai ya zo kusa yake shaida shi. Tsoro ne fal cikinsa, don ya san aikin irin wannan kamfani: narkarwa.

Kai, wurin ya girmi tunaninsa! Tsibin ƙarafa ya fi hasumiyar masallacinsu tsawo: ƙonannun motoci, gadajen asibiti, ƙofofin gidajen mutane, tukwane, famfunan ban ruwa da suka mutu. Can ciki tanderu yana gurnani, ta ɗaya gefen kuma rodin gini yana fitowa ja wur, a miƙe. Mai gadi ya so ya kore shi. Audi ya zauna a ƙasa ya ce shi da tashi sai ya ga mai wurin.

Wadda ta fito budurwa ce sanye da hular kwano a kan ɗankwali. Sunanta Ibtisam, jikar mai kamfanin, ita ce injiniyar da ke tantance ƙarafa kafin a zuba su a wuta. Ta fara da Larabci, ya amsa da Hausa, sai ta yi murmushi ta sauya. Hausar tata tana ɗingishi, amma tana tafiya. Ya gaya mata abin da yake nema.

"Ma'alesh, sai haƙuri, Baba. Mota arba'in ke shigowa a mako. Abin da ya kwana goma a nan, yawanci ya riga ya zama rodi."

"Yau nata kwana ashirin da uku."

Ta dube shi. Da wani ne da ta sallame shi, amma ta ga yadda yake riƙe da gudumar nan hannu bibbiyu, sai ta ce ya biyo ta.

A hanya ta nuna masa wani tsohon amalanke da aka ɗora a kan dakali aka yi masa rumfa. Da shi kakanta Jibirin ya fara, da jaki ɗaya, yana bin gonakin auduga daga Makwar, wato Sannar ta yanzu, yana tsintar karyayyun garemani da guntayen layin dogo. Ubanta ya kawo tanderu. Ita ta yi karatu ta kawo na'urar da ke hannunta, mai kama da ƙaramar bindiga, wadda in an ɗora ta a kan ƙarfe take faɗin abin da ke cikinsa.

"Yanzu gari duk a rushe yake, kowa rodi yake nema," in ji ta. "Wutar nan ba ta hutawa."

"Na san Jibirin," in ji Audi. "Ni na yi wa amalanken can ƙusoshi. Mutum ne mai ciniki kamar zai cire maka haƙori."

Ta yi dariya, shi bai yi ba.

Suka fara da tsibin da ke jiran wuta. Audi ba ya dubawa, don idon ba shi da amfani. Bugawa yake yi. Duk wani dunƙule mai nauyi sai ya ɗan dake shi da guduma, ya karkata kunne. Wani ya yi ƙara siririya, ya ce wannan gatarin mota ne. Wani ya yi tsawa ya daɗe yana amo, ya ce ƙarfen Turawa ne, ya wuce. Ma'aikata suka bar aiki suna kallo, wasu suna ƙunshe dariya. Rana ta take, ƙarfe ya yi zafi har ba ya taɓuwa, tsohon bai daina ba. Aka kira azahar, ya yi salla a inuwar wata ƙonanniyar tarakta, ya koma.

Da la'asar ta gabato ya zauna a kan taya. Baƙin ciki ya kama shi, ba don ƙarfen kaɗai ba. Ubansa a kan gadon mutuwa bai yi masa wasiyyar gona ko gida ba, cewa ya yi kada ya bari uwar maƙerar ta kwana a hannun wanda bai san ta ba.

"Baba," in ji Ibtisam, "a wace masana'anta aka yi ta? In na sani, zan san layin da ta bi."

"Masana'anta? Ɗiyata, daga dutse aka fitar da ita. Tama aka haƙo, aka gina rahoniya, wato tanderun laka, aka yi kwana biyu ana zuga."

Ta tsaya cak. "Ƙarfen tama? Na hannu?" Ta dafe hularta. "Taho."

Ta kai shi bayan katanga, inda ake jibge abin da aka ƙi. Nan ne ake watsar da duk ƙarfen da na'urarta ta ce yana da datti a ciki, irin wanda in ya shiga tanderu zai sa rodi ya riƙa tsagewa. Ciyawa har ta fara cin gefen tsibin. Ta ce ta tuna wani baƙin dunƙule da ya ba ta mamaki, ta auna shi sau uku, ta sa aka jefo shi nan.

Audi ya durƙusa ya fara bugu. Na farko, a'a. Na biyar, a'a. Ya ture wani murfin injin, ya daki abin da ke ƙasa.

Ƙarar gajeriya ce, mai kauri, ba ta da amo, kamar an buga turmi. Da wannan ƙara aka yaye shi, da ita yake sanin ubansa ya fara aiki tun yana kwance a ɗaki. Ya sake bugawa a hankali. Sai ya ajiye gudumar ya ɗora tafukansa biyu a kanta, hawaye suna bin gemunsa, bai damu da wanda ke kallo ba.

"Ita ce," ya ce. "Alhamdu lillahi, ita ce." Da ya natsa ya ɗago kai. "Mi abin naki ya ce da ita?"

Ibtisam ta sunkuyar da kai. "Ya ce ba ƙarfen kirki ba ne, Baba."

"Shekara ɗari da ashirin tana ciyar da gari."

"Na sani. Amma da ya ce na kirki ne, da tuni ta narke."

Ya jinjina kai.

Saura fita. Dokar kamfani ita ce ƙarfe ba ya fita ƙofa sai da sa hannun manaja, shi kuwa yana garin Madani, sai bayan mako zai dawo. Abu ɗaya ne Ibtisam ke da ikon fitarwa da kanta. Ta rubuta takarda ta miƙa masa, ta kasa haɗa ido da shi.

"Na rubuta shara ce. In mai gadi ya tambaya, haka za ka ce. Ka yafe mini."

Audi ya warware rawaninsa, abin da bai taɓa yi a gaban mutane ba, ya naɗe ta da shi tsaf. Ma'aikata biyu suka kawo baro, babu mai dariya yanzu. Suka tura, yana biye da hannunsa a kan ƙunshin, furfurarsa a waje.

A ƙofa mai gadi ya karɓi takardar, ya dubi ƙunshin, ya dubi tsohon.

"Ya Hajj, mene ne wannan ka naɗe haka da rawani?"

Audi ya ƙara danne ƙunshin da tafinsa. Ya tuna jakunan nan uku. Ya tuna ubansa. Bayansa tanderu yana ta gurnani.

"Shara ce, ɗana," ya ce.

Mai gadi ya ɗaga sandar ƙofa. Sai da suka kai bakin titi, ma'aikatan suka juya, sannan Audi ya sunkuya kan ƙunshin ya yi magana ƙasa-ƙasa, yadda ake yi wa tsohuwar da aka ɓata wa rai.

"Yi haƙuri, Iya. Gida za mu."