Kujerar Mai Katako

Tun daga ƙofar zauren taron Yaya Babba ta fara cika tana batsewa. An manna hoton mahaifinta a kowane ginshiƙi yana murmushi, irin murmushin da ba ta taɓa gani a gida ba sai in an yi baƙi. Jami'a ce ta shirya taron tunawa da shi. Mai Katako ke nan, attajiri, ɗan majalisar amintattun jami'ar tun kafuwarta, wanda ya gina musu ɗakin karatu, ya kuma biya wa 'ya'yan mutane kuɗin makaranta ba adadi.

Abu ɗaya ya kawo ta. Kafin ya rasu ya roƙi majalisar ta bar kujerarsa a hannun ɗaya daga cikin 'ya'yansa biyu, yau kuma za a faɗi wanda aka zaɓa. Tana son kujerar nan, kuma ba ta jin kunyar son ta. Tana ajin ƙarshe na sakandare, malamai na rantsuwa da ƙwaƙwalwarta, mahaifin ya cire ta ya kai ta sitonsa na katako, wai bare ba abin yarda ba ne. Tun tana budurwa take tsaye a kan masu yanka da masu lodi, garin katako a gashinta da cikin hancinta, har furfura ta zo ta same ta a wurin. Jami'a kuwa sai dai ta hango katangarta ta tagar mota.

An zaunar da ita a layin gaba kusa da ƙaninta Auta, wanda ya sha turare kamar an ɓarar da kwalbar a kansa. Shi an kai shi karatu har ƙasar waje, ya dawo da takardar digiri da tsadar baki. Sau ɗaya aka ba shi reshen kamfani ya riƙe, kafin shekara ta zagayo ko ƙusa babu a ciki.

"Yaya, saki fuska mana," ya raɗa mata. "Masu hoto na kallonmu."

"Su kalla. Da ita na zo."

Aka shiga jawabai. Wani farfesa mai ƙaton tumbi ya ce marigayin uba ne ga wanda ba shi da uba. Wata likita ta yi kuka har da shessheƙa, tana ba da labarin yadda yake tara ɗaliban da yake biya wa kuɗin makaranta a teburinsa lokacin hutu, yana tambayar kowa sakamakonsa. Yaya Babba ta tuna da ita sarai. Ita ce mai cewa a ƙaro mata nama, ita kuma Yaya Babba ce mai kawowa, bayan ta wuni a tsaye a sito. Inuwar giginya, na nesa ka sha sanyi. Haushin mahaifinta ya taso mata sabo fil, ta ji ko mutuwarsa ba ta rage komai ba.

Sai shugaban jami'a ya hau mumbari, ya gyara tabarau, ya yi ta kewaye-kewaye kamar mai neman hanyar tsallake kwata. Ya yabi ƙwazon babbar 'yar marigayi, ya yabi riƙon amanarta. Daga jin yabon ta san an yanka ta tashi.

"Sai dai dokar majalisa," in ji shi, "ta ce dole ɗan majalisa ya zama yana da digiri. Saboda haka kujerar mahaifinmu ta koma hannun ɗansa."

Tafi ya ɓarke. Auta ya dafa ƙirji yana sunkuyar da kai, wai shi mai tawali'u. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi! Abin da ya fi ci mata rai, mahaifinta na cikin waɗanda suka kafa dokar. Ya san dokar ciki da waje ranar da yake cewa "ɗaya daga cikin 'ya'yana".

Marigayin yana da wata al'ada a duk taron yaye ɗalibai. Yakan ce duk wanda ya yi karatu da kuɗinsa ya miƙe, a ɗauki hoto. Shugaban ya ce yau ma za a yi, karo na ƙarshe. Kujeru suka yi ƙara. Likitoci, lauyoyi, malamai, har da shi kansa shugaban da ke kan mumbari, ya ɗaga hannu alamar yana ciki. Auta ya miƙe yana gyara wuyan riga. Zaure ya tashi kaf, sai mace ɗaya a layin gaba, jakarta a cinya.

"Tashi mana, Yaya," Auta ya ja hannun rigarta. "Za ki ɓata hoton."

"Sakar mini riga."

Shugaban ya leƙo ta saman tabarau yana dariyar yaƙe. "Ranki ya daɗe, ai ke ma 'yarsa ce. Taimaka ki miƙe."

Ba ta nemi makirufo ba. Muryar da ta saba ratsa ƙarar injin yanka ba ta buƙatarsa.

"Cewa ka yi wanda ya yi karatu da kuɗinsa. Ni ban yi ba. Ni aka cire daga aji na je na nemo kuɗin da kuka yi karatun da shi."

Likitar nan ta sunkuyar da kai. A can baya wasu suka fara laluben kujerunsu a hankali, suna neman zama.

"A'a, kada wanda ya zauna," in ji Yaya Babba. "Ƙuruciyata duka a tsaye na yi ta saboda ku. Ku ma ku ɗan taɓa, ku ji yadda take."

Ba wanda ya zauna. Mai hoto ya sauke kyamararsa yana raba ido. Ita kuwa ta jingina da kyau, ta juya tana bin fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, ba ta gaggawa.