Daga Goma Sha Shida Zuwa Huɗu

Ranar Alhamis Injiniya Romani mai gyaran kwamfuta da bakinsa ya ce wa Nagwa kwamfutarta ta isa har ta yi yawa. Ya danna nan ya danna can, ya rubuta mata a takarda: ƙwaƙwalwa giga goma sha shida. Manhajar sabon keken surfanin da ta saya don ɗinkin kayan amare takwas kawai take nema.

"Ki dawo Asabar in sa miki ita, Madam. Wannan ko jirgin ruwa za ta tuƙa."

Asabar da hantsi ta dawo shagonsa da ke unguwar Muharram Bek. Ya soka ɗan filashin da ya zo da keken, manhajar ta fara shiga, sai ta cije. Ya sake, ta sake cijewa. Ya buɗe shafin bayanan na'urar, ya cire tabarau ya goge, ya mayar.

"Huɗu," ya ce.

"Huɗun me?"

"Ƙwaƙwalwar. Giga huɗu ce."

Nagwa ta zaro takardar daga jaka ta shimfiɗa masa. "Wannan rubutun wa?"

"Nawa."

"To ina sha biyun suka shiga? Tsiyayewa suke yi kamar man fitila?"

"Madam, shekara ashirin ina wannan sana'a, ban taɓa ganin ƙwaƙwalwa ta rame ba. Kin kai ta wajen wani mai gyaran?"

"Ni? Kai dai za a tambaya, hannunka ne ƙarshen taɓa ta."

Ransa ya sosu. Ya kife kwamfutar ya nuna mata kusoshin bayan, ko ƙwarzane babu. Ita kuwa kanta ya gama ɗaurewa. Baƙar kwamfutar nan ce dai, ga hoton marigayiya mahaifiyarsu a fuskar allon. Ga shi jibi uwar wata amarya za ta zo ganin zane.

Romani ya kashe ya kunna. Huɗu. Ya ce ta buɗe masa zanukanta ya ga nauyinsu. Ta duba inda take ajiye su, wayam. Sai bidiyon girki birjik, da wani wasan kwaikwayo kashi saba'in.

"Kina kwaɓa fulawa a kanta ne?" Ya kankare wani busasshen abu daga tsakanin maɓallan.

Sai Nagwa ta tuna. Jiya Juma'a ta ci abincin rana a gidan ƙanwarta Safinaz, ta tafi da kwamfutar don ta nuna mata zanen mayafi. Bara wansu Midhat ya aiko musu da kwamfutoci biyu daga Kuwait, iri ɗaya a kwali iri ɗaya, shi ne ma ya saka musu hoton a allo.

Ta kira waya.

"Safinaz, kwamfutar wa ke gabanki?"

"Tawa mana, Yaya. Kin san tun jiya ta warke? Ko sau ɗaya ba ta tsaya ba, sai gudu."

"Ba warkewa ta yi ba, sakarya, tawa ce."

"Ikon Allah! To ai iri ɗaya ne."

"A waje."

Safinaz ta ce, "Wato ke Yaya Midhat ya ba mai kyaun?"

Nagwa ta kashe wayar. Ta ba Romani haƙuri, ya ɗaga hannu ya ce ya wuce, ta rungumi kwamfutar ta nufi tashar taragu, jirgin ƙasan cikin gari. Tana tafe tana ƙoƙarin tuna ranar da kwalayen suka iso, ko akwai suna a jikinsu, ko kuwa kowacce ta ɗauki wanda ke kusa da ita ne kawai. Har ta sauka a layin su Safinaz ba ta tuna ba.