Ajiyar Idon Mama

Wayoyi uku ne a kan cinyar Yaya Babba, tata da na ƙannenta biyu, yatsanta sai gudu yake a kan gilashi kamar mai tsince tsakuwa a cikin wake. A bencin da ke gaban ɗakin masu ciwon ido suke zaune, amma ita dai zaman na suna ne kawai. Ta miƙe, ta leƙa ƙofa, ta dawo, ta sake miƙewa. Jiya aka yi wa mahaifiyarsu aikin cire yanar ido, yau da safen nan za a kwance bandejin. Idan Allah ya yarda, Mama za ta ga duniya bayan shekara kusan bakwai tana lalube.

Da tuni an yi aikin nan, tsoro ne ya hana. Duk lokacin da aka ambaci asibiti sai Mama ta yi tsalle ta dire ta ce ba mai kai wuƙa idonta. Amma kuma ba ta taɓa fid da rai da gani ba. Aka yi haihuwa, aka sake fentin gida, jika ya fara tafiya, sai ta juyo da fuskarta wajen hayaniyar ta ce, “A ɗaukar min hoto. In idona ya buɗe zan gani.” Su kuwa sai su ɗauka. Har Baba ya kwanta ciwo ya rasu a cikin shekarun nan, ba ta ga fuskarsa ta ƙarshe ba. A makon da ya wuce, da bakinta ta ce a kai ta a yi aikin, ta gaji da jin labari, tana son ajiyarta.

To, ajiyar ce ta zame wa Yaya Babba aiki ja. Kowa ya ɗauka, amma ba wanda ya adana. Ita tela ce, hotunan Mama suna nutse cikin dubban samfurin ɗinki da masu kawo mata aiki suke turowa. Wayar ƙaninta Makanike kuwa abin tausayi, daga injin da aka farke sai lambar mota, sai can ka ga bikin iyali ya leƙo a tsakanin tayoyi biyu. Ita kuma Auta, ai ba a magana. Fuskarta ce kawai daga dama, daga hagu, daga sama, baki a tsuke. Ga shi Makanike ya canja waya har sau biyu, hotunan da aka sake tura masa duk sun ɗauki kwanan watan ranar da aka turo su, sai ka ga yaro yana gudu kafin a haife shi.

Tun farkon mako Yaya Babba ta ture ɗinki gefe ta buɗe wuri guda a wayarta, ta sa masa suna Idon Mama. Duk hoton da ta tsamo sai ta jera shi a inda ya dace, ta rubuta a ƙarƙashinsa wane ne, ina ne, me ya faru ranar. Ta gane cewa hoton da ba bayani ba zai yi wa Mama amfanin komai ba, tunda rabin mutanen da ke ciki muryarsu kawai ta sani. Aikin ya yi mata daɗi fiye da yadda ta zata. Ta yi dariya ita kaɗai a shago, ta yi kuka, ta kira 'yan'uwa a waya tana tambayar wane ne mai jar hula a bayan Baba.

Hoto ɗaya ne ya gagara, shi ne kuma ya sa ƙannen nata suke ta cacar baki a kan bencin. Baba ne zaune a kujerarsa ta falo, yana rungume da jariri cikin farin tawul, baki har kunne. Makanike ya rantse ɗansa ne, ya ce a dubi goshin, a duk dangi su waye masu irin wannan goshi? Auta ta ce goshin me, kowane jariri goshi ne da shi, 'yarta ce, kuma ita ce ma ta ɗauki hoton. Makanike ya ce da ita ta ɗauka ai da rabin fuskarta ya fito a ciki. Wani dattijo mai bandeji a ido da ke kusa da su ya ƙyalƙyale da dariya har matarsa ta zungure shi.

Tawul ɗin ma bai raba gardama ba, domin shi ake ta yawo da shi gida-gida, duk wadda ta haihu a aika mata. Yaya Babba ta rasa abin rubutawa. Ta bar ƙarƙashin hoton fayau, abin yana ci mata rai.

Ana cikin haka nas ta leƙo ta ce iyalan tsohuwar da ke gado na ƙarshe su shigo. Yaya Babba ta miƙe zumbur. Ta tattara wayoyin, ɗaya ta suɓuce, Makanike ya cafe ta kafin ta kai ƙasa.

Mama tana zaune a bakin gado, ta harɗe hannuwa a cinya kamar ɗalibar da ke jiran sakamako. Likitar ta rage hasken ɗakin, ta ɓare filastar a hankali, ta goge idon da auduga, ta ce ta buɗe sannu-sannu, kada ta damu in ta ga dishi-dishi da farko. Mama ta ƙifta, ta sake ƙiftawa, hawaye ya gangaro. Ta dubi labule, ta dubi hannunta. Sannan ta ɗago ta tsayar da ido a kan Makanike.

“Kai, wa ya ba ka wannan tumbin?”

Ɗakin ya kaure. Auta ta faɗa jikinta tana kuka tana dariya, Makanike ya juya baya wai wani abu ya faɗa masa a ido, Yaya Babba kuwa daɗi kamar ya kashe ta, bakinta sai godiya ga Allah yake, ta riƙe hannun likita ta ƙi saki. Mama ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana shafa fuskokinsu tana kallo. Ta ce Auta ta zama cikakkiyar mace, ta ce Yaya Babba ta fara kama da kakarta. Daga nan ta miƙa hannu.

“Ina ajiyata?”

Nas ta ce a'a, ido sabon aiki ba ya son hasken waya. Mama ta ce shekara nawa tana jira, ba mai hana ta yau. Da ƙyar likitar ta yarda a rage hasken a nuna mata kaɗan, na ɗan lokaci, sauran sai ido ya huta. Nan fa kan Yaya Babba ya ɗau zafi. Ɗaruruwan hotuna ta jera, kowanne da labarinsa, yanzu an ce kaɗan. Ta zauna kusa da Mama, ta fara da jikoki. Tana nunawa tana karanta abin da ta rubuta, Mama tana haɗa kowace fuska da muryar da ta sani. Wannan ne mai satar mata sukari, wannan ce mai kukan da ke tashin unguwa. Ashe mai ƙatuwar muryar nan ɗan firit ne.

Sai ga hoton gardama. Mama ta ƙura wa mijinta ido, ta kai yatsa ta taɓa gemunsa a kan gilashin. Makanike da Auta suka matso, kowa yana so ta yanke hukunci. Mama ta tambaya ko wannan ce ranar da jariri ya tsula wa Baba fitsari a sabuwar rigarsa, ya hana a karɓe shi. Auta ta ce ƙwarai, ranar ce.

“To ba na kowa ba ne a cikinku. Ɗan maƙwabciyarmu ne, ta bar mana shi ta je asibiti. Ni na ara mata tawul ɗin.”

Makanike ya shafa goshinsa, Auta ta rufe fuska da mayafi. Yaya Babba tana dariya har da riƙe ciki ta rubuta bayanin a wurin da ta bari.

Nas ta nuna agogo, ta ce ɗaya ko biyu suka rage. Yaya Babba ta tsallake fentin gida, ta tsallake bukukuwa, ta tafi can ƙarshe. Hoton da ita da kanta ta ɗauka ne a ƙofar gida, kwanaki kaɗan kafin Baba ya kwanta. Ta karanta abin da ta rubuta: Baba yana shan hantsi, hotonsa na ƙarshe a tsaye da ƙafarsa.

Mama ta karɓi wayar ta matso da ita. Ta daɗe tana kallo. Ta ce ya rame, amma murmushin yana nan. Sai ta ɗan haɗe gira.

“Ba ki rubuta ba. Wace ce wannan tsohuwar da ta riƙe masa hannu?”

Dariyar da ke bakin Auta ta tsaya. Yaya Babba ta dubi hoton. Kowa ta rubuta, har mai jar hula, amma bai taɓa zuwa mata a rai cewa wannan ma tana bukatar bayani ba.

“Ke ce, Mama.”

Mama ta kai hannu ta taɓa kumatunta, ta taɓa gashin da ya leƙo daga ɗankwalinta, ta sake duban farar furfurar da ke cikin hoton. A hoton, Baba ba mai ɗauka yake kallo ba, ita yake kallo.

“Kullum sai na tambaye shi ko na tsufa,” ta ce a hankali. “Sai ya ce ina nan yadda ya auro ni. Ashe duk wannan yake gani.”

Nas ta matso da auduga ta ce don Allah kada a yi wa idon kuka, saura hoto ɗaya a kashe wayar. Yaya Babba ta kai yatsa za ta wuce gaba, Mama ta riƙe mata hannu.

“Bar ni a nan,” ta ce. “Sauran sa jira.”