Kundin Badamasi a Gaba

A watan Maris na 2021 wani kamfanin dakon siminti a Malbaza ya ɗauki Bushira gwajin aiki na wata uku. An ɗora mata sabunta manhajar sikelin da ke auna manyan motoci. Manhajar kuwa da kundi biyu ake haɗa ta: tsohon da shugaban sashen, Malam Badamasi, ya rubuta a 2009, da sabon da ita ta rubuta, wanda ke aron wasu ayyuka daga tsohon.

Kwana tara haɗin yana ƙi. Kwamfuta tana fito da sunayen ayyuka goma sha ɗaya, tana cewa an kira su amma ba a san inda suke ba.

Bushira ta gano dalilin tun kwana na biyu. Mahaɗin, wato abin da ke ɗinke kundayen su zama manhaja ɗaya, yana bin jerin sunayen kundayen ne daga farko, kuma ba ya ɗaukar komai daga kundi sai abin da aka riga aka nema. Badamasi ya sa nasa a gaba, saboda haka mahaɗin yakan wuce shi hannu wofi, ya iso nata, ya tarar da buƙata, ba ya kuma waiwayawa. Ta bayyana masa cikin ladabi cewa sauya jerin kaɗai ake bukata.

"Ɗiyata, ko a takardar ɗaurin aure babba aka fara ambata," in ji shi. "Kundina ya girmi naki da shekara goma sha biyu. Je ki gyara kurenki."

Babu kuskuren da za ta gyara, shi ma da ya zauna minti biyar da ya gani. Maimakon haka ya rubuta wa mai kamfanin, Alhaji Illo, cewa aikinta bai nuna ba, a sallame ta ranar Alhamis. Badamasi, mutumin da ya yi karatu har Yamai, ya mai da umarnin na'ura wurin neman gaisuwa!

Ranar Laraba Alhaji Illo ya shigo buro, wato ofis, motoci na jere har bakin titi ana rubuta nauyinsu da hannu. Bushira ta roƙi a bar ta ta gwada sau ɗaya. Ba ta taɓa kundin Badamasi daga gaba ba. Ta dai sake rubuta sunan kundin nasa a ƙarshen jerin, bayan nata. Sunaye goma sha ɗayan suka ɓace, sikeli ya tashi.

Badamasi ya leƙa, ya ga kundinsa sau biyu, ya ce yanzu ta koyi aiki. Alhaji Illo ya tabbatar da ita a aiki a ranar. A rahoton da aka ajiye an rubuta cewa kuskuren sabuwar ma'aikaciya ne, shugaban sashe ya daidaita. Aka miƙo mata, ta karanta har ƙasa, ta sa hannu.