Wurin Kunkuru a Kan Kabad

Kan kabad ɗin Baba abu ɗaya yake ɗauka, don rediyo ya cinye sauran wurin. Shekara da shekaru kunkurun yumɓu na Maƙeriya ne ke zaune a can.

Baban ne ya laƙaba mata sunan, tun tana kwaleji, lokacin da take tsinto karyayyun ƙarafuna a bayan shagon mai gyaran lema. Wani ta lanƙwasa shi zobe don kwasar yumɓu, wani ta goge da magagari ya zama 'yar wuƙa, ta cusa su a bututun biro, ta naɗe da zare da gam. Ba wanda ya koya mata. Ƙarfen lema taurin kai gare shi, kana lanƙwasawa yana ɓallewa. Sai da ta ƙona yatsu ta gano kansa: a gasa shi ya yi jawur, a ajiye ya huce da kansa. Tabon yana nan a babban yatsanta, ko a kemis ɗin da take aiki ba ta ɓoye shi.

Ran nan ta dawo daga aiki ta tarar da magen yumɓu a kan kabad, an matsar da kunkuru baki-baki.

"Maƙeriya, zo ki ga aikin ƙanwarki," in ji Baba. "Saura kaɗan ta ce miyau!"

Auta na zaune a hannun kujera tana sunne kai. Ko wata ba ta yi da fara taɓa yumɓu ba. Maƙeriya ta ɗauki magen ta juya ta. Ta gane sawun zobenta a cikin kunnen, ta gane 'yar wuƙarta a gefen baki. Abin haushin kuma, magen ta yi kyau.

"Ba laifi," ta ce, ta wuce ɗaki.

Kafin ta cire takalmi ta zuba kayan aikinta a gwangwani ta sa kwaɗo.

"Haba Yaya, cinye su zan yi?" in ji Auta daga bakin ƙofa.

"Hannu biyu gare ki kamar kowa. Ƙera naki."

"To koya mini mana."

Maƙeriya ta dube ta. Fuskar nan ba ta taɓa sanin wahala ba, yatsun nan ko ƙwarzane babu.

"Ki gasa ƙarfen ya yi ja," ta ce. "Sai ki tsoma shi a ruwan sanyi nan take."

Ta san abin da ruwa ke yi wa jan ƙarfe: mayar da shi yake kamar gilashi.

Ranar hutu tana wanki a tsakar gida tana jiyo kicin. Cuuu, ƙarfe ya shiga ruwa. Ƙas, ya karye a bakin filaya. Auta ta yi tsaki, ta sake. Kowace ƙas sai Maƙeriya ta ji wani sanyi a ƙirji, ta ƙara cuɗa rigar da ke hannunta.

"Yaya, duk karyewa suke yi!"

"Ni ma haka na fara. Ko kin zaci daga sama na faɗo?"

Ta jira Auta ta gaji ta koma kan wayarta kamar yadda ta saba. Auta ba ta koma ba. Ta share gutsattsarin ta shige ɗaki da su.

Sati bai zagayo ba mage ta biyu ta bayyana a falo. Wannan gashi gare ta, siriri, a kwance layi-layi tun daga wuya har jela, har mutum ya ji yana son shafawa. Maƙeriya ta daɗe tana neman irin wannan gashin, ba ta taɓa samu ba.

"Da me kika yi shi?" ta tambayi Auta.

Auta ta zaro bututun biro. Ta haɗa karyayyun ƙarafunan ne wuri ɗaya kamar 'yar tsintsiya, bakin kowanne tsini-tsini, kaifin da magagari ba ya iya fitarwa.

"Dabarar Yaya ce, Baba. Ita ta ce in riƙa tsomawa a ruwa. Ashe don su karye da kaifi ne, ni ce ban gane da wuri ba."

"Ai na faɗa," in ji Baba, yana dariya. "Kan yarinyar nan ba irin namu ba ne. Allah ya yi miki albarka, Maƙeriya." Ya miƙa hannu ya sauko da kunkuru. "Riƙe wannan tukuna, wurin ba zai ɗauke su duka ba."

Ta karɓa. Ƙura ta kwanta a bayansa, inda magen ba ta tare ba. Ta goge da gefen ɗankwali, ta kai shi ɗaki ta ɗora kan taga.

Daga nan kicin ta nufa. Ta kunna risho, ta cika kofi da ruwa, ta zaɓo ƙarfen lema mafi siranta, ta kama shi da filaya har ya yi jawur.

Auta ta leƙo. "In taya ki, Yaya?"

"Matsa min daga haske."

Cuuu. Ta ɗaga shi, ta karya da hannunta, ta duba bakin. Na Auta ya fi shi tsini. Ta jefar, ta ɗauko wani.