Muddin Yana Zagina

Aikina a masana'antar sabulu shi ne in zauna a bakin tanki in saurara. Idan mutum ya shiga ciki yin gyara, ni ke kula da igiyar da aka ɗaura masa a baya, ni ke kasa kunne ga na'urar gwajin iska da muke zurawa ƙasa, kuma doka ta ce kome zai faru, ba zan bar wurin ba, ba zan shiga ba. Ana kirana Mai Igiya. Wasu kan ce albashin zaman banza nake ci. Ban taɓa musa musu ba.

Wanda ya fi kowa raina aikin nan shi ne yayan matata, mai walda. Shekara ashirin yana shiga tankuna, a ganinsa igiya ta akuya ce. Ni kuwa sai da na haura arba'in na koyi karatu a ajin manya, saboda haka takardar izinin shiga, wadda kowa ke sa wa hannu a tsaye, ni a zaune nake bin ta layi-layi da yatsa.

Ran nan da hantsi ya tsaya a kaina ya ce, "Ɗan aji ɗaya, ka gama haddar, ko mu je mu ci abinci mu dawo?"

"Saura layi biyu, Yaya."

"Ita fa ka karanta jiya. Ba ta haihu ba."

Na gama, na zagaya bayansa na ƙara wa igiyar ƙulli tsakanin kafaɗunsa, inda hannunsa ba ya kaiwa, don na san halinsa na kwance ta idan ya sauka. Ya yi tsaki ya bi tsani.

Iskar da ake walda da ita ba ta da wari, ga ta da nauyi. A gindin tanki take kwanciya ta kori wadda mutum ke shaƙa, shi ya sa fanka ke hura sabuwa ta wani dogon tiyo. Igiya ba ta gaya maka an fara galabaita, murya ce ke faɗa. Sauran ma'aikata sai na yi ta kiransu kafin su amsa. Yaya ba ya bukatar kira.

"Kana nan, ko barci ya ɗauke ka? Wallahi har yau ban san me ƙanwata ta gani ba. Mutum takalmi ɗaya tun ranar ɗaurin aure."

"Ina jin ka, Yaya."

Muddin yana zagina, hankalina a kwance yake.

Wajen sha ɗaya sai ga jami'in kiyaye haɗari, wanda muke kira Farar Hula, ya taho da baƙi huɗu daga manyan kamfani. Hularsa ba ta da ƙwarzane ko ɗaya, takalminsa bai san mai ba. Bai taɓa shiga tanki ba, amma duk allunan gargaɗin da ke bango shi ya zaɓi launinsu. Ya fara jawabi, ya ga baƙin suna kama kunne saboda ƙarar fanka, sai ya taka zuwa bango ya danna makunni. Daga nan ya zo ya janyo na'urar gwajin iskar daga cikin tanki kamar mai ɗaga guga, don su ga irin kayan da muke aiki da su.

Na ce, "Yallaɓai, akwai mutum a ciki."

"Na sani, ai ni na sa hannu a takardar. Minti biyu." Ya juya ga baƙin yana murmushi. "Kun gani ko? Har ƙananan ma'aikatanmu sun san doka."

Makunnin taku goma yake daga inda nake, kuma ba na barin igiya. Na leƙa ciki na ce, "Yaya, ajiye ka fito, an kashe fanka."

"In bar ɗinki rabi saboda fanka? Ka zo ka yi mini fifita da takardarka."

Na sake roƙon Farar Hula, ya ɗaga mini hannu ko waiwayowa bai yi ba. Yana bayani ne a kan darajar ran ma'aikaci.

Yaya ya maimaita maganar takalmina. A al'adarsa kuwa ba ya maimaita zagi, yana da su da yawa. Sai muryar ta yi sanyi, ta taso a hankali kamar ta mai shirin barci.

"Mijin ƙanwata... kai fa mutumin kirki ne. Ka riƙe ta da amana. Ka yafe mini."

Shekara goma sha huɗu ban taɓa jin haka daga bakinsa ba. Na kama hannun injin jan igiya na fara murzawa, ina cewa a kunna fanka. Nauyin da na ji na wanda ƙafafunsa suka daina ɗaukarsa ne. Mai gyaran famfo, aminin Yaya, ya rugo ya ɗora ƙafa a kan tsani, na tokare shi da kafaɗa.

"Matsa mini, matsoraci! Surukinka ne fa a ciki."

"Igiya ɗaya gare ni. Ka shiga, ɗayanku zan bari."

Farar Hula yana tsaye da na'urar a tafin hannunsa, yana ce wa baƙin, "Amma ai ba ta yi ƙara ba." Gaskiyarsa. Iskar da ke kewaye da shi lafiyarta ƙalau. Ɗaya daga cikin baƙin ne ya je ya kunna fankar.

Yaya ya fito yana lilo, kai a langaɓe, leɓunansa kamar toka. Muka shimfiɗe shi a kan siminti, nas ɗin masana'anta ta ɗora masa abin shaƙar iska. Sai da ya yi tari sannan na ga hannun injin ya sale mini tafin hannu.

Bayan azahar Farar Hula ya kira ni ofishinsa, mai sanyi, ya miƙo mini rahoto. "Sa hannu nan kawai, ba sai ka wahalar da kanka ba."

Na ja kujera na zauna, na bi shi layi-layi. An rubuta cewa kayan ceto sun yi aiki yadda ya kamata a ƙarƙashin kulawarsa. Babu fanka a ciki, babu na'ura. Na karɓi alƙalaminsa, na rubuta a ƙasa da manyan baƙaƙena: "An kashe fanka, an ciro na'ura. Wanda ya yi shi ne ya rubuta wannan rahoto." Ya ɗauke ni lokaci. Ya jira, ba shi da yadda zai yi.

Da yamma muka je asibiti da matata. Yaya yana jingine da matashi yana ɓare lemo. Ya bari sai da ta fita ɗauraye kofi, sannan ya dube ni.

"An ce wai na yi wasu maganganu a cikin tankin nan."

"Ban ji komai ba, Yaya."

"To ina amfaninka? Aikin ke nan guda ɗaya, sauraro." Ya kalli ƙafata ya girgiza kai. "Kuma da wannan takalmin ka shigo asibitin mutane."

Na gyara zama, na ci gaba da saurare.