Gangunan da ke Bayan Lambun Indo

A bakin kogin Gaya maganar ta tashi, wajen mata masu wanki. Wai Hajiya Zalika ta ba mai shiga tsakani turmin atamfa irin ta Kwatano, shi ya sa kamiyon gwamnati, babbar motar kaya, ya kwashe gangunan da ke jikin katangarta, ya bar na bayan lambun Indo.

Gangunan nan tun shekarar da fara ta sauka ma'aikatan noma suka kawo su, cike da ruwan feshi. Fara ta wuce, aka yi wa ma'aikatan canjin wurin aiki, ganguna suka zauna tsibi biyu a filin da ya raba Indo da Zalika. Tsatsa ta ci su har suka soma yoyo. Agwagin Indo sun yi kiwo a wurin, ba wadda ta kai la'asar. Ga rijiyar lambunta a gangare, ita ke shayar da albasa da kuɓewar da take ci da su, ga kuma hadari ya fara leƙowa daga gabas. Ruwan farko in ya wanke filin, cikin rijiyar zai sauka.

Zamanin soja ne, ba mai kai kuka biro, wato ofishin kumandan, ya dawo da walwala. Sai ga shi an turo wani Bazabarme daga Doso, Hama sunansa, shi ne mai shiga tsakanin, aikinsa ya saurari ƙorafin talaka a kan ma'aikatun gwamnati, ya matsa musu su gyara. Indo ce ta fara shiga wurinsa. Zalika sai da rana ta take ta iso, tana ƙamshin turare. Amma ga gefen Zalika an share har an zuba sabuwar ƙasa.

Indo ba ta karɓar zancen bakin kogi sai ta murza shi da hannunta. Wannan kam tana so ya zama gaskiya. Tare suka yi tallar ƙosai suna ƴan mata. Zalika ta riƙa ƙetare gada zuwa Malanbil fatauci har ta yi rufin kwano, ta je Makka, ta dawo da haƙorin zinariya. In atamfa ce ta yi aiki, da sauƙi. In kuwa bakinta ne ya fi na Indo nauyi har a gaban hukuma, wannan ne ba zai haɗiyu ba.

Indo ta sami Zalika a tsakar gida tana auna gari.

"Hajiya, barka da shara. Har ƙasa aka sauya miki, kamar za a yi biki."

"Barka kadai, ƙawata. Ke ma kamiyon yana tafe."

"Turmi nawa yake tafe da shi? In ji dai, in fara tari."

Zalika ta yi dariya har haƙorin ya haska. "Au, har ke? Da ina da turmin bayarwa ai ke zan ba, ki huta da wannan zanen da ya ga zamanin Nasara."

"Zanena bai taɓa zuwa biro roƙo ba."

"To je ki tambaye shi mana. Ƙafarki lafiya lau."

Haƙorin nan shi ya raka Indo har ƙofar biro.

Hama na zaune, tafintansa Cha'ibu na tsaye. Cha'ibu tsohon soja ne ɗan Dendi, a bariki ya tsinci Hausarsa, kuma yana ji da ita. Hama ya gane Indo, ya yi wata magana da fara'a.

"Ya ce, Inna, ki ƙara haƙuri," in ji Cha'ibu. "Ya sa sunanki wajen rabon dawa. In jirgin ruwa ya sauke, buhunki na nan."

"Dawa? Wa ya ce da ku yunwa nake ji?"

"Ke kika ce. Kin ce kin zo kan maganin fari."

"Eh, na ce."

"To, mene ne maganin fari in ba dawa ba? Duk layin ran nan kukan fari suka kawo, ruwa bai zuba ba, rumbu ba kome."

Indo ta dube shi daga hula har takalmi. "Kai Cha'ibu, Allah ya shirye ka. Faari na ce, masu fiffike, masu cinye gero! Ba farin rashin ruwa ba. Maganin kashe su ne ke tsiyaya bayan lambuna. Na yi ta zuba maka bayani, ashe kalma biyu ka miƙa masa?"

"Layi ne da tsawo, Inna. Kuma ku Hausawa, abu uku suna ɗaya. Fari, fari, fari. Mutum ya yi yaya?"

"Ya ja bakinsa inda ake ja."

Hama ya ga hannuwa na tashi, ya nemi a faɗa masa. Cha'ibu ya juya maganar yana sosa ƙeya, wannan karon da tsawo. Fara'ar Hama ta ɗauke. Ya ɗauki hularsa, ya nuna wa Indo ƙofa, ya ce ta yi gaba.

Da suka isa filin bai matsa kusa ba, warin ya tare shi. Ya dubi gangunan, ya bi gangaren da ido har bakin rijiya, ya ɗaga kai ya dubi gabas. Ya sa a rufe rijiyar da kwano, a yi mata tudun ƙasa ta sama, kada kowa ya taɓa gangunan da hannu. Ya ce yau zai buga wa ma'aikatar noma waya a Doso, kuma ba zai bar Gaya ba sai kamiyon ya dawo.

Zalika ta leƙo ta kan katanga, ta jefa masa gaisuwa da Dendanci. Ya amsa da Zabarmanci, suka yi dariya, harsunan nasu ƴan ɗaki ɗaya ne. Indo ta tsaya a tsakiya ba ta tsinci kome ba sai sunanta.

"Me suke cewa a kaina?"

"Ya ce da kin yi bayani sarai kamar Hajiya, da tuni an gama," in ji Cha'ibu.

Indo ta gyara ɗaurin zanenta. "Ka tambaye shi zancen atamfa."

"Haba, Inna!"

"Tambaye shi."

Cha'ibu ya tambaya, murya ƙasa-ƙasa. Hama ya amsa a gajarce, ya wuce wajen mota.

Kamiyon ya dawo kafin ruwa ya sauka, aka kwashe gangunan har da ƙasar da ke ƙarƙashinsu, rijiya ta tsira. Zalika ba ta ba kowa atamfa ba. Ranar da ta shiga biro, da Dendanci ta yi wa Hama magana kai tsaye, Cha'ibu kuma ya fita shan shayi.